Ɗaki Cikin Ɗaki

Faifan ya fito ne daga ƙasan adakar Inna,
tsakanin katin asibiti da rasit ɗin keken ɗinki.
An rubuta masa da jan biro:
WASAN MOTA, NA MALAMI NE, KADA A TAƁA.
Bayan shekara ashirin da biyu, na taɓa.

Sabuwar kwamfutata ba ta da bakin cin faifai,
siririya ce, da ƙoshinta ta zo daga kanti.
Sai da na hau kabu-kabu daga Mabera har Tsohuwar Kasuwa
na aro wani akwati mai wutsiya wurin Haliru mai gyara.
Ya ce, "Mi za ka yi da wanga tarkace?"
Na ce, zumunci.

Na danna. Allo ya yi duhu, ya dawo,
ya ce bai san wannan baƙo ba.
Na sake dannawa, ya ce in tuntuɓi masu shi.
Masu shi sun daɗe da naɗe tabarma.

Sai na gina masa ɗaki a cikin na'urar,
kamar yadda ake yi wa tsoho shigifar ƙasa
a tsakar gidan siminti, don barci ya ɗauke shi.
Na shimfiɗa masa tsohuwar manhaja,
na auna masa ƙwaƙwalwa da cokali,
don in aka ba shi da ludayi ƙwarewa yake.
Na yi masa ƙarya kuma.
Na ce har yanzu dubu biyu da uku ake ciki,
ba abin da ya canja, kwanta.

Ya tashi, amma da hauka.
Kafin in ɗora yatsa motar ta wuce gari uku
ta rungumi dutse.
Injin yau ya yi masa gaggawa,
dole na dabaibaye shi kamar raƙumin Azbin a bakin kasuwa.
Sama ta fito shunayya, titi kalar miyar kuka,
sauti kuwa ko tari.
Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya.
Zufa ta ɗiga kan madannai, na share da hannun riga.

A dare na uku ya yi magana.
Ƙarar nan, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani,
ta mayar da ni shagon Runjin Sambo:
naira ashirin, minti goma sha biyar,
Malami a kujera, ni a tsaye bayansa
riƙe da jakarsa ta makaranta,
ina karkata jiki duk kwanar da ya sha.

Ashe har allon maki ya kwafe.
MLM, MLM, MLM, tun daga sama har layi na tara.
Na goma: JND.
Ranar da ya fita alwala na sace zagaye ɗaya.
Na ɗauka ya goge.

Na kira shi. Yana Illela, kan buhunan albasa,
hayaniya ta cika wayar.
Na ce, Yaya, wasanka ya tashi.
Ya ce, "Wane wasa?"
Na ce na mota.
Ya ce, "Junaidu, tawa motar na nan kwance hanyar Gwadabawa,
ta gaske, da kayan mutane ciki. Sai na kira ka."

Shi babu ɗakin da zan gina masa.
Ba shi ruɗuwa da kwanan wata.

Na koma kan allo. Tumba ta farka shan ruwa,
ta tsaya bayan kujerata, shekararta bakwai,
ta ce motocin nan kamar kwalin ashana.
Ban tanka ba. Na shiga kwana ta farko,
na ga inuwarta a bango ta karkata hagu.
Na matsa mata gefen kujera.